Sunan da Malam Aminullahi Bai Taɓa Faɗa Ba

Duk ranar Lahadi, da gari ya waye, Malam Aminullahi yakan sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya ɗora hula, ya tare ɗan kabu-kabu daga Kebbe zuwa Tambuwal. Ba kasuwa ke kai shi ba, ba kuma asibiti ba. Gidan 'yarsa Hafiza yake zuwa, domin a can ne sabis ke da ƙarfin ɗaukar kiran bidiyo daga Riga, babban birnin ƙasar Latbiya. A wannan birni jikarsa Ihsan take, yarinya 'yar shekara shida wadda bai taɓa riƙe hannunta ba. Ubanta ya rasu, an binne shi a can. Uwarta, Ilze, 'yar ƙasar ce. In wannan kira ya yanke, babu sauran abin da ya haɗa gidan Malam da yarinyar. A daminar bana kuwa saura kaɗan ya yanke.

A Fakku aka haifi Malam, a gidan noma. Uwarsa, wadda kowa ke kira Iya, Bafillatana ce daga wata ruga da ke sauka bayan gari duk kaka. Yana cikin yaran da aka ɗebo zuwa makarantar elemantare ta Tambuwal, a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu in sun ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Makarantar lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Da alƙalami mai tsinke ake rubutu, ana tsoma shi a kwalbar tawada, kuma ba a barin kalmar Turanci ta wuce sai yaro ya san ma'anarta, ya san rubutunta, ya sa ta a jimla ba tare da ya dubi allo ba. A nan ya ɗauki halin da bai rabu da shi ba har tsufa: ba ya yarda ya san abu sai ya san abin da ake kiransa da Turanci.

Aikin malamin dabbobi ya yi har ya yi ritaya. Yana da baƙin keke da akwatin ƙarfe a ɗaure a bayansa, yana bin rugage daga Kebbe har wajen Dogon Daji, yana yi wa shanu allurar cutar bushiya da ta ciwon huhu. Fulani suka sa masa suna Malam Allura. Turancinsa irin na jikin kwalbar magani ne, a tsaye, babu ado, babu kuskure.

Da Allah ya ba shi ɗan fari, shi da matarsa Mu'minatu, sai aka mayar wa jaririn da sunan mahaifin Malam, wato Sirajo. Nauyi biyu ke nan ya hau kan suna ɗaya. A gidaje irin nasu, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Mutum kuma ba ya kama sunan ubansa da baki. Da aka yaye yaron, Iya ta ɗauke shi zuwa Fakku, shi ya sa dangi suka riƙa ce masa Ɗan'iya. Malam ko wannan ba ya faɗi. In dole ta kama, sai ya ce "na wajen Iya." Mu'minatu ma Innar Hafiza ake ce mata, ko da yake Hafiza ce ta uku.

Babu wanda ya ɗauki wannan a kan ƙiyayya. Shekarar da baƙon dauro ya kwantar da yaron, kullum sai an ga keken Malam a jingine a ƙofar gidan Iya. Ba ya shiga ɗaki. Yakan tsaya a bayan zana, inda zai iya jin numfashin mai jinya, ya ɗaga murya ya ce, "Iya, an ba akuyarki ruwa?" Ita kuma ta ce, "An ba ta, ta sha, jikin da sauƙi." Sai ya hau kekensa ya koma.

Yaron ya girma, ya yi karatu a Sakkwato, ya sami gurbin ƙarin karatu a Riga. Ranar da zai tafi ya durƙusa a zaure. Malam yana duban tabarma ya ce, "Allah shi kiyaye hanya," ya ɗauki fartanya ya tafi gona. A can Sirajo ya sami aiki, ya yi aure, ya haifi Ihsan. Kullum ana cewa baɗi za su zo gida.

Hafiza aka kira aka gaya wa rasuwar. Zuciyarsa ce ta tsaya yana wurin aiki, cikin tsananin sanyinsu. Musulmin da ke garin suka yi masa sutura. Da ta zo Kebbe ta faɗa, Malam ya yi salati, sannan ya tambaya ko an ba awaki ruwa. Ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, mutane suna ta yabon dauriyarsa. Gaskiyar magana ita ce ba dauriya yake yi ba. Bai ji komai ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ya san tana nan, yana jira ta farfaɗo ta fara tsira, ba ta farfaɗo ba. Ya ci tuwonsa a ranar. Ya yi barci. Babu gawa, babu kabari, babu ko takalmin mamacin a ƙofar ɗaki.

Bayan sadakar arba'in Ilze ta fara kira. Ita tana jin Turanci sosai, amma yarinyar ba ta da Hausa, Turancinta kuma bai wuce gaisuwa ba. Aka zaunar da tsoho da jikarsa suna kallon juna ta cikin waya, shi da hula, ita da gashi a tsefe, babu mai abin faɗi. Da aka gama, Malam ya ce da Hafiza, wadda malamar firamare ce, ta nemo masa yadda ake koyon yaren mutanen.

Ta samo masa wani shafi a wayarta: kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta, a gefe kuma takwararta ta yaren Latbiya, in ka taɓa sai wata murya ta faɗa maka ita. Babu Hausa a ciki, sai Malam ya ƙara da kansa. Ya yanka tsofaffin kwalayen maganin dabbobi, ya ja layi da rula, ya raba gida uku. Saniya, cow, govs. Ruwan sama, rain, lietus. Rana, sun, saule. Madara, milk, piens. Yana kula da 'yan sandunan da suke ɗora wa wasulansu a ka, ba ya barin ko ɗaya. Da hantsi yakan zauna a inuwar darbejiya yana biyawa yana rangaji, yadda ya koyi karatun allo. Ba don yana jin daɗi ba. Abin yi ne kawai, kamar cirar ciyawa.

Mu'minatu tana jinsa daga madafi. Ranar da ya kai kan akuya, ya karanta goat, ya taɓa wayar da Hafiza ta bar masa aro, muryar ta ce kaza.

"Mi tac ce?" in ji Mu'minatu.

"Akuya. Kaza suka ce mata."

"To kazar fa, mi suka ce mata? Jaki?" Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Mutanen da ba su raba akuya da kaza, su aka ba ɗiyar mutane riƙo."

Wannan ce dariyar farko da aka ji a gidan tun rasuwar, ita ma ba ta yi nisa ba.

Da haka wasa ya samu tsakaninsa da Ihsan. Takan ɗauko abu ta kara a gaban waya, shi kuma ya faɗi sunansa da yarensu. In ya dace ta ce "Pareizi," wato daidai, da murya irin ta malamar aji. In ya kuskure ta kama ciki tana dariya, ta sa shi maimaitawa. Kalmar kaka namiji a shafin vectēvs ce, amma ita Opi take ce masa. Ya nuna mata awakinsa a hoto, ta nuna masa ƙanƙarar da ta rufe tagarsu, ta koya masa sniegs. Haka suka ci rani har ruwa ya sauka.

A jerin kalmomin akwai wani sashe na dangi: uba, uwa, kaka, 'yar'uwa. Malam ya kwafe su duka, ban da layi ɗaya. Duk sa'ad da ya zo kan son, sai ya bar gurbi a kwalin ya wuce.

Wata Lahadi, bayan an gama kira, Ilze ta ce tana son magana da Hafiza ita kaɗai. Hafiza ta shiga ɗaki da wayar, ta daɗe. Da ta fito ta tarar da ubanta yana neman takalmansa.

"Baba, zamna tukuna. Akwai magana."

Ya zauna.

"Ilze tac ce yarinya na tambayar ta, wai don mi Opi ya san sunan saniya, ya san na ruwan sama, amma bai san sunan babanta ba."

Hafiza ta ci gaba, tana murza bakin mayafinta. Ilze ta ce tun suna sabon aure Sirajo ya taɓa gaya mata, yana dariya, cewa ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. Ita ba ta yi dariya ba. Tun da aka fara kiran nan, duk Lahadi tana tsaye a bayan yarinyar tana jira ta ji wani tsoho a gidan nan ya ambace shi ko sau ɗaya. Sai saniya, sai ruwan sama. Ta ce ba za ta ci gaba da zaunar da 'yarta a gaban mutanen da suke yi kamar ba a taɓa haihuwar ubanta ba. Lahadi mai zuwa za ta kira, a yi sallama.

"Ba ki gaya mata al'ada ta ba?"

"Na gaya mata. Har labarin akuyar Iya na ba ta. Tac ce ita ta ji, amma in zo in fahimtar da ɗiya 'yar shekara shidda."

Ya dubi takalmansa.

"Baba, suna na fa kawai. Ka faɗa sau guda."

"Sunan tsohona na."

"Kaka ya rasu. Yaya ya rasu. Wa za shi ji?"

"Ni," in ji Malam.

Ya koma Kebbe kafin la'asar, domin yanzu ba a son yamma ta yi wa mutum a wannan hanya. Ya gaya wa Mu'minatu yadda aka yi, a taƙaice, kamar yana ba da rahoton garken da ya duba. Ta ajiye faifai.

"Ni dai bakina ba shi iyawa, Malam."

"Ban ce ki faɗa ba."

"Kai za ka faɗa?"

"Ban sani ba."

"Ɗiyar nan wushiryarshi gare ta," in ji ta, ta ɗauki faifanta.

Cikin makon ya buɗe shafin, ya taɓa layin da yake tsallakewa. Son: ɗa namiji da mutum ya haifa. Muryar ta ce dēls. Ya nemi yadda ake cewa nawa, ya haɗa: mans dēls. Ya yi mamakin yadda abin ya fito masa ba wuya. Da yaren da babu wani nasa da ya taɓa ji, bakinsa ya iya cewa ɗana. Ya yi tunanin ko wannan zai wadatar.

Sunan kuwa ba shi da takwara a kowane gida na kwalin. Ya tafi gona, ya shiga tsakiyar gero inda ya fi tsawo, ya duba gabas da yamma babu kowa. Ya buɗe baki. Harafin farko ya fito, sauran ya tsaya, ya ji kansa ya zarce da istigfari. Ya sake gwadawa. Wani makiyayi ya ratso ta bakin gonar da shanunsa, ya ɗaga sanda ya ce, "Malam Allura, kai da wa kaka magana?" Malam ya ce da gero. Ya tsuguna ya ciri ciyawa har azahar.

Ranar Lahadi, da ya fito, ya tarar da Mu'minatu a zaure da mayafinta. Ba ta son babur, ba ta cika zuwa ba. Bai tambaye ta ba, ya sa aka kira kabu-kabu biyu. An yi ruwa kwana biyu, hanya ta zaizaye, wani wuri sai da suka sauka suka taka, tana riƙe da takalmanta a hannu.

Hafiza ta jingina wayar da kwanon sha a kan ɗan tebur. Malam ya zauna a gabanta. Mu'minatu ta zauna a tabarma daga gefe, inda ba za a gan ta ba. Wayar ta yi ƙara, Ihsan ta bayyana, Ilze a tsaye a bayanta, hannuwa a harɗe, kanta bai shigo hoton ba.

Yarinyar ba ta san ranar sallama ce ba, ko kuwa ta sani ba ta damu ba. Ta ɗaga kofin madara.

"Piens," in ji Malam.

"Pareizi."

Ta ɗaga wata akuyar roba, da gangan, tana danne dariya, don Hafiza ta taɓa gaya musu abin da sunan akuya na yarensu ke nufi da Hausa.

"Kaza."

"Pareizi!"

Sai ta sauka daga kujera ta ɓace. Ta dawo rungume da hoto a cikin gilas, ta kara shi har ya cika fuskar wayar. Sirajo ne cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, da jaririya a kafaɗarsa, ƙanƙara fari fat a bayansu. Yana dariya. Malam bai taɓa kallon wannan fuska na tsawon haka ba. Ya ga wushiryar. Ya ga kunnuwan mahaifinsa, masu ɗan buɗewa. Ya ga furfura ta fara fito masa a gemu, abin da babu wanda ya gaya masa.

"Tētis," ya ce. Baba ke nan a bakin yara.

Hoton ya ɗan motsa, alamar ta gyaɗa kai a bayansa. Ba ta sauke ba.

"Mans dēls."

Hafiza ta dube shi. Ilze ta sunkuyo, fuskarta ta shigo ta gefen hoton. Yarinyar ba ta ce daidai ba. 'Yan yatsunta suna riƙe da bakin gilas ɗin, tana jira.

Malam ya dafa gwiwoyinsa. Bai ji tsoro ba, bai ji baƙin ciki ba. Ya yi abin da yakan yi in zai soka wa bijimi allura: ya daina tunani, ya bar hannu ya yi aikinsa.

"Sirajo."

Mu'minatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Babu abin da ya motsa a wayar. Hoton na nan, fuskar Ilze na nan a sunkuye, bakinta a ɗan buɗe. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana juyawa.

"Baba," in ji Hafiza a hankali, "sabis ya ɗauke. Ba su ji ba."

Suka zauna. A waje wani yana tallan kananzir. Hafiza ta ɗaga wayar sama, ta kai ta bakin taga, ta dawo da ita. Malam yana zaune yadda yake, hannuwa a gwiwa. Can hoton ya girgiza, murya ta dawo. Yarinyar ta gaji, gilas ɗin ya karkace, idonta ɗaya ya leƙo ta samansa.

"Opi?"

Ya gyara murya. Wannan karon ya ɗaga ta, ya rarrabe gaɓoɓin, yadda malaminsu na elemantare yake kiran suna da safe.

"Sirajo. Mans dēls, Sirajo."

"Pareizi," in ji Ihsan, ta kife hoton a tebur, ta tafi neman wani abin da za ta nuna masa.

Ilze ta zauna a kujerar da yarinyar ta bari. Ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana kallon kwanon da aka jingina wayar. Ta share hanci da bayan hannu. Sannan ta ce, da Turanci, a sannu don ya ji da kyau, za su kira Lahadi mai zuwa kamar kullum. Ya ce ya gode, da yarensu, paldies, kalmar da ya fara koya.

Sun iso Kebbe hadari na haɗuwa. Ya yi alwala ya yi la'asar, ya zauna a ƙofar ɗaki yana sauraron jikinsa, ko ƙafar nan za ta farfaɗo. Shiru. Harshensa ne kawai ya yi nauyi, kamar ya tauna ganyen da bai nuna ba.

Mu'minatu ta kawo fura ta ajiye. Ba ta dube shi ba.

"Sau biyu," ta ce.

"Sabis na."

Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta juya. Ya jawo kwalin dangi, ya ɗauki rula da biro, ya cike gurbin da ya bari, gida uku, ya ɗora wa wasalin sandarsa. Ya sha furar. Iska ta fara kaɗa darbejiya, awaki suka taso daga bakin garke suna neman mafaka.

"Innar Hafiza," ya kira.

"Na'am."

"An ba awakin nan ruwa?"

Ya ji ta ajiye murfin tukunya.

"An ba su, Malam," ta ce daga madafi. "Sun sha."